Tsakiyar teku ba ta rasa doka ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar jirgin ruwa ya yi nisa da gaɓa, babu sauran doka a kansa. Ba haka ba ne, domin yarjejeniyar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ɗora alhakin kowane jirgi a kan ƙasar da yake ɗauke da tutarta. Inda gizo ke saƙa shi ne rashin mai sa ido, abin da ke barin ma'aikatan jirgi cikin zalunci shekara da shekaru. A 2015 'yan jaridar kamfanin dillancin labarai na AP sun tarar da masunta 'yan Myanmar kulle cikin keji a ƙauyen Benjina na Indonesiya, kuma rahotonsu ya kai ga 'yantar da fiye da mutum 2,000.