Kada Mu Rataya wa Jariri Gabar da Ba Tasa Ba

Assalamu alaikum, 'yan uwa. A wani taron suna da na halarta kwanan nan, bayan liman ya raɗa wa jaririya suna mai kyau an shafa fatiha, sai labari ya fito daga cikin gida cewa mai jego ta ce Tafisu za a riƙa kiranta, kuma duk wanda ya san gidan ya san da kishiya da 'ya'yanta ake. Mata suka rangaɗa guɗa, ni kuwa raina ya ɓaci, domin yarinyar da ko cibiyarta ba ta gama warkewa ba an riga an jefa ta cikin faɗan da ba ta san mafarinsa ba.

Wannan ɗabi'a ba a kanmu ta fara ba. Al'ummar Shona, waɗanda su ne mafi rinjaye a Zimbabwe, sunayensu zance ne cikakke da kowa ke fahimta da zarar an kira. Suna da Tendai, wato "ku gode", da Chipo, "kyauta", da Tinashe, "muna tare da Ubangiji". Amma a cikinsu akwai Nhamo, wato "wahala", akwai kuma Muchaneta, "za ku gaji", wanda iyaye kan sa wa yarinya domin su isar da saƙo ga dangi ko maƙwabtan da suke ganin sun matsa musu. Ku duba halin mace da za ta girma, ta yi aure, ta haifi nata 'ya'yan, masu gabar duk sun kwanta dama, ita kuwa kullum aka kira ta sai an tono tsohuwar rigima.

Ibraniyawa ma haka sunayensu suke ɗauke da labarin ranar haihuwa. Isma'il a harshensu yana nufin "Allah yana ji", Yusuf kuma "Allah ya ƙara". A ruwayar Bani Isra'ila, lokacin da Rahila, matar Annabi Yaƙubu (AS), take kan gargarar mutuwa wajen haihuwa, ta kira ɗan Ben-oni, wato "ɗan baƙin cikina", sai mahaifinsa ya kira shi Binyamin, "ɗan hannun dama". Uwa ce cikin zafin naƙuda da fitar rai, babu mai zarginta, amma uban ya hango yaron da zai rayu shekaru yana amsa kira, bai yarda baƙin cikin wannan rana ya bi shi ba.

To mu wane uzuri gare mu? Mun san Manzon Allah (SAW) ya ce wa wani sahabi mai suna Hazn, wato mai tsanani, ya koma Sahl, wato mai sauƙi, sai Hazn ya ce ba zai canza sunan da mahaifinsa ya sa masa ba, kuma jikansa Sa'idu bin Musayyib ya ce tsananin nan bai gushe a cikinsu ba. Mun ji wannan a wa'azi ba sau ɗaya ba, duk da haka sai mu gyara sunan yanka domin idon liman, mu ɓoye dafin a cikin laƙabi, alhali laƙabin ne yaro zai amsa a gida da makaranta da kasuwa.

Iyayenmu mata, na san zaman kishi akwai ciwo, kuma wata an zalunce ta da gaske. Ki kai kukanki ga Allah, ki kai ƙara ga magabata, amma ki ji tsoron Allah game da wannan jaririya, domin 'ya'yan da kike yi wa habaici yayyenta ne, su ne za su tsaya mata ranar da ba kya nan. Ku kuma maza da kuke ji kuna kawar da kai wai maganar mata ce, amanar a wuyanku take. Don Allah, duk wanda ya san akwai irin wannan laƙabi a gidansa, ya hana kiransa tun kafin yaron ya yi wayon tambayar dalilinsa.