Likita na kallon allo, Gwaggo na kallon likita

Tallan wani kamfanin manhajar asibiti ne ya ishe ni a 'yan kwanakin nan. Wai manhajarsu za ta sauke wa likita nauyi har ya samu lokacin sauraron majinyaci. Mutanenmu kuma sai turawa suke yi a WhatsApp suna ta sambarka, kamar an gano maganin mutuwa. Ni kam ban sa baki ba, saboda na san abin da na gani.

Watan jiya na kai gwaggona wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, mai zaman kansa a nan Makka. Ciwon suga gare ta, ga wani miki a ɗan yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa. Ta cire safa ta miƙe ƙafar tana jira. Likitan, bawan Allah, idonsa na kan allo, yatsunsa na ta ƙwanƙwasa. "Daƙiƙa ɗaya, Hajiya." Sau uku yana faɗa. Ya cika gurbin lambar iƙama, katin izinin zama, ya cika na ta'amin, wato inshora, ya zaɓi lambar cuta, ya tura neman muwafaƙa, amincewar kamfanin ta'amin. Sai da gwaggo ta juyo ta ce mini, "Ɗan nan, wai shi ke da ciwon ko akwatin?" sannan ya sunkuya ya duba ƙafar. Gwajin kuwa sai washegari, wai sistam ya tsaya.

Ban ga laifin likitan ba. Wanda ya sayi manhajar shi aka gina wa ita, mai saye kuwa mai asibiti ne, kuma damuwarsa kada kamfanin ta'amin ya ƙi biyansa. Tun da aka kawo Nphies, dandalin da ke haɗa asibitoci da kamfanonin ta'amin, duk bayanin da bai cika ba yana iya sa a maido da takardar neman kuɗi. Shi ya sa kamfanonin manhaja ke gasar wanda zai fi toshe wannan kafa. Kowane sabon gurbi da suka ƙara, daga lokacin majinyaci aka yanko shi, likita ya koma magatakarda. A haka ake sauke masa nauyin?

Za a ce Ru'ya 2030 ce, shirin Saudiyya na zamanantar da ƙasa, zamani ya zo, ga manhajar lafiya ta Sehhaty, ga tsarin rubuta magani na Wasfaty, ga asibitin Seha na intanet da aka buɗe a Riyad a 2022. To, wa ya ce a koma zamanin fayil mai ƙura? Wasfaty ma na yaba masa, saƙo ya shigo waya ka je kantin magani ka karɓa. Magana ake a kan wanda aka tuna da shi lokacin zana allon da likita ke kallo, kuma tabbas ba wata tsohuwa daga Shara Mansur, unguwar mutanenmu a Makka, ba ce, wadda Larabcinta na kasuwa ne, karatun allon waya kuwa sai jikoki.

Masu wannan talla su fara da auna minti nawa likita ke yi yana kallon mutum. Su ɗauke masa cike-ciken kuɗi su ba ma'aikatan karɓar baƙi, aikinsu ne dama. Idan sistam ya tsaya kuma, a yi wa mai miki gwajinsa, a nemi muwafaƙar daga baya.