Aminiti ko babban ɗaki? Ni dai ga abin da na gani

Jama'a akwai tambayar da ake jefo wa mutum a asibiti daidai lokacin da hankalinsa ba ya jikinsa. An ce za a ba mara lafiyarka gado, kana tsaye da kati a hannu, sai ma'aikaciya ta ɗago kai ta ce babban ɗaki kuke so ko ɓangaren kuɗi, wanda mu 'yan arewa muke ce wa aminiti.

Ranar da muka kai Kawu daga Agege wani asibitin gwamnati a Legas, ciwon suga ya ci masa ƙafa, mu uku ne a tsaye. Kowa ya kalli ɗan uwansa. Wallahi dukkanmu mun san aljihunmu, amma wa zai fara buɗe baki ya ce a kai Kawu ɗakin mutum ashirin? Sai Yaya ya ce aminiti, muka ce to. Kunya ce ta zaɓa mana.

Ɗakin kam ba laifi. Esi, banɗaki naka kai kaɗai, ga kujerar da mai jinya zai miƙe, 'yan dubiya su shigo da kulolin abinci ba mai hararar su. Amma difozit ɗin da muka ajiye ko sati bai kai ba, saboda kuɗin ɗaki kullum tafiya yake ko an yi wa mutum wani abu ko ba a yi ba, ga magani ga gwajin jini ga wankin ciwo, kuma har abin da ba ɗaki ba sai ka ga farashinsa ya ɗara na can. Kwana 9 muka ɗaga hannu. Sai da aka yi mana karo-karo a masallacin unguwa, muka tattara muka koma babban ɗakin da muka guda.

To ka san me? Babban likitan nan da yake leƙo mu a aminiti, shi ne dai yake zagaye a can da safe da ayarin ƙananan likitoci da ɗalibai a bayansa. Insulin ɗin ɗaya ne. Teburin nas ma ga shi nan kana hangowa daga gado. Wani dare barci ya sace ni ruwan da ake ƙara wa Kawu ya ƙare, matar wani Bayarabe da ke gadon kusa ce ta taɓo ni ta ce “Malam, Malam”, ta je da kanta ta kira nas. A ɗakin kuɗi wa zai gani, ƙofa a rufe?

Ba wai babban ɗaki daɗi ne da shi ba fa. Zafi, sauro, layin banɗaki, wani na nishi har asuba, wani lokacin a gabanka za a ja wa mutum mayafi. Kuma da Inna ce ba Kawu ba, tsohuwar da ba ta jin Turanci ba ta jin Yarbanci, ga kunyar a buɗe mata jiki labule bai gama rufuwa ba, ina jin ko bashi ne zan ci in kai ta ɗakinta. Haka wanda za a yi wa ƙaramar tiyata kwana biyu a sallame shi, in yana da hali ya shiga abinsa. Ciwon da ba a san ranar sallama ba ne nake cewa a bar kuɗin ya tafi ga magani.

Sannan maganar inshora. Tun 2022 Buhari ya sa hannu a dokar NHIA da ta wajabta inshorar lafiya, jihar Legas ma tana da nata shirin mai suna Ilera Eko, amma je ka kasuwar Mile 12 ka tambayi mutum goma wa ke da kati. Kai mai katin ma kar ka ɗauka ya haɗa da ɗakin kuɗi, yawanci babban ɗaki ake biya maka, cikon daga aljihunka.

Don Allah kafin ka sa hannu ka tambaya nawa ne kwana ɗaya, me ke ciki me ba ya ciki, in kuɗi ya yanke za a maida ku babban ɗaki ko sai gado ya samu. Mu sai da muka ƙara kwana biyu muna jiran gado, bil ɗin aminiti na ta hawa.

Kawu dai yana gida, da sanda yake zuwa masallaci. Har yanzu Yaya bai gama biyan mai shagon da ya ranta mana ba.