Abokin da kullum ke cewa a dakata

Ina yawan ganin mutanenmu suna raba Amurka gida biyu, wai 'yan Republican ne maƙiyan baƙar fata, 'yan Democrat kuma masoyansu. Don Allah jama'a, ku karanta abin da baƙaƙen fatar suka rubuta da hannunsu. Sau da yawa alƙalaminsu ya fi kaifi a kan masu sassaucin ra'ayi, waɗanda ke kiran kansu abokai.

A watan Afrilun 1963 Martin Luther King na tsare a kurkukun Birmingham, sai wasu malaman addini farar fata su takwas suka fitar da sanarwa, wai zanga-zangarsa ba ta zo a kan gaɓa ba. Ko takarda ba shi da ita. A gefen jaridar da aka shigo masa da ita ya soma rubuta amsa. Ya ce ya kusa yarda cewa babban cikas ba ɗan Ku Klux Klan, ƙungiyar farar fata masu ƙin baƙar fata, ba ne, farar fata ne mai matsakaicin ra'ayi, wanda ya fi son a yi shiru a kan a yi adalci. Malcolm X ya fi shi zafi: mai ra'ayin riƙau kerkeci ne da ke nuna haƙoransa a fili, mai sassauci kuma dila, murmushi yake yi alhali nama ɗaya suke hari.

Ni ban ga zafin kai a nan ba, mutane ne da suka ji a jikinsu. Shugaba Franklin Roosevelt, ɗan Democrat kuma gwarzon masu sassauci, dokar fanshonsa ta 1935 ta tsallake ma'aikatan gona da 'yan aikatau, aikin da galibin baƙaƙen jihohin Kudu ke ci da shi. Ya kuma ƙi tsayawa kan dokar hana rataye baƙar fata da gungun mutane ke yi, don kada ya ɓata da sanatocin Kudu. Tun 1892 Ida B. Wells, 'yar jarida baƙar fata, take fallasa wannan kisa, har aka farfasa ofishin jaridarta a Memphis. Sai a 2022 aka sa wa dokar hannu. Shekara 130, wallahi abin da ciwo!

Ko zamanin Obama ba a tsira ba. Ana ta shelar wariya ta ƙare, lauya Michelle Alexander ta fito da littafi a 2010 ta nuna yadda aka cika gidajen yari da samari baƙaƙe, da hannun 'yan Democrat a ciki, musamman dokar yaƙi da laifuka ta Shugaba Clinton ta 1994 da Biden ya jagoranta yana sanata. Wanda ya gama zaman kasonsa, inji ta, ana iya hana shi ƙuri'a da aiki da gidan gwamnati, duk da sunan doka.