Kada allon kwamfuta ya zama na ragowar kuɗi

Duk matashin da ya kawo mini lissafin haɗa kwamfutarsa ta farko a nan Bauchi, abin da nake fara tambayarsa shi ne nawa ya ware wa allo. Kusan kullum sai ya ce abin da ya rage. An juye kuɗi a kayan cikin kwamfutar, wato furosesa da katin hoto da RAM, sannan a shiga kasuwa a ɗauko kowace monita ta hannu, in dai tana kawo haske. A ganina wannan kuskure ne babba, domin allon ne ido zai wuni a kai, kuma sau da yawa sai an canja sauran kayan shi yana nan kan teburi.

Ɗan yayata, ɗalibi a Yelwa, yana zanen katin biki da fosta don ya samu na kashewa. Ya sayi allo nau'in TN saboda araha. Ran nan ya kira ni ya ce, "Kawu, ina zaune ina ganin ruwan goro, mai aikin yana tsaye a kaina yana rantsuwa launin ya koɗe." Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Haka TN yake: da ka ɗaga kai ko ka sunkuya, launi ya sauya. Mu kuwa ba mu cika kallon allo mu kaɗai ba. Mai aiki na gefe yana nuni da yatsa, ƙanne sun kewaye ka suna kallon ƙwallo. An san TN da saurin sauya hoto, shi ya sa masu gasar wasanni suka daɗe suna son sa, amma yanzu sauran nau'o'in sun kusa cim masa.

Don haka nake cewa mai haɗin farko ya nemi allo nau'in IPS. Kamfanin Hitachi na Japan ne ya fito da shi a 1996, musamman don magance wannan matsala ta kallo daga gefe, kuma launinsa na tsayawa ko daga ina ka duba. Yana da nasa aibin. Baƙinsa ba ya kai baƙi, domin bambancin haskensa da duhunsa wajen 1000 ne bisa 1, kuma a ɗaki mai duhu za ka ga ɗan haske na fitowa ta kusurwoyi. Sai dai da rana, ko fitila na kunne, da wuya ka lura. Inci 24 mai ɗigo 1920 da 1080 ya wadatar, kuma ba zai wahalar da ƙaramin katin hoto ba. Idan aljihu ya kai ga inci 27, a nemi mai 2560 da 1440, in ba haka ba rubutu zai fito da kaushi.

Masu son wani nau'in allon da ake kira VA suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Bambancin haske da duhu a VA yakan kai 3000 bisa 1, don haka wanda aikinsa kallon fim da dare zai fi jin daɗinsa. Amma masu araha a cikinsu sukan bar jan inuwa idan abu mai duhu ya gifta da sauri, kuma launinsu ma na ɗan gocewa daga gefe. Nau'in OLED ya fi kowa kyau, babu gardama, sai dai tsadarsa, ga shi abin da ya daɗe a wuri ɗaya, kamar layin ƙasa na Windows, yana iya barin tabon da ba ya gogewa.

Sai maganar wuta, wadda duk mai dogaro da layin JED, kamfanin da ke raba mana wutar lantarki, ya sani. Allon inci 24 na zamani bai cika wuce wat 25 ba, ƙaramar inbata da sola za su riƙe shi. Tsofaffin allunan ofis masu fitilar tsinke a ciki sun fi shan wuta da ɗaukar zafi, abin da ba ƙarami ba ne a watan Afirilu. Da yawansu ma tsohuwar kafar jona waya ta VGA kaɗai gare su, alhali sababbin katunan hoto kafofin HDMI da DisplayPort suke da su.

Ba na hana sayen na hannu, akwai masu kyau sosai. Amma kada a yarda da "ai IPS ne" daga baki kawai. A karanta lambar samfurin da ke bayansa a bincika ta a waya. A sa mai shago ya kunna, a buɗe farin shafi sannan baƙi, a nemi matattun ɗigo da tabon danna. Daga nan a tsuguna a kalli allon daga ƙasa: idan hoton ya yi duhu ko launinsa ya juye, TN ne.