Masu gyaran magana: hanyar Ingila ta fi dacewa da mu a kan ta Amurka

Zaman da nake yi a Amurka ya nuna mini wata sana'a da ke kowane babban asibiti da makarantun gwamnati a nan, wadda a gida mutane kaɗan ne suka taɓa jin sunanta: aikin masanin gyaran magana da haɗiya. Shi ake kira wa yaron da ya kai shekara uku bai fara haɗa kalmomi ba, da mai i'ina, da dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana, har da wanda ruwa ke sarƙe shi in ya kurɓa. A wajenmu irin wannan yaron sai a ce nauyin baki ne, zai yi in lokacinsa ya yi, ko a kira wanzami ya yanke masa linzami. Dattijon kuwa sai a dawo da shi gida a duƙufa da addu'a, wadda dama wajibi ce, amma babu mai zama da shi kullum ya sake koya masa kiran sunayen 'ya'yansa.

Hanyar shiga sana'ar a Amurka doguwa ce. Sai ka gama digirin farko na shekara huɗu, sannan ka nemi gurbin digiri na biyu, yawanci shekara biyu, a jami'ar da aka tantance kwas ɗinta. Ƙungiyar masu sana'ar, ASHA, wadda ta samo asali tun 1925, ta shar'anta awa 400 na aiki a gaban mai kula: awa 25 kana kallo, 375 kuma kai ne da mara lafiya. Bayan nan akwai jarrabawar shiga sana'ar da ake kira Praxis, sai aikin ƙwarewa na aƙalla mako 36, awa 1,260, ƙarƙashin wani gogagge, ga kuma lasisin jihar da za ka yi aiki a cikinta. In ka haɗa, kusan shekara bakwai ke nan.

A Ingila abin ya fi gajarta. Ɗalibi na iya shiga kwas ɗin kai tsaye daga sakandare, ya yi shekara uku ko huɗu, ya yi rajista da HCPC, hukumar da ke tantance irin waɗannan ma'aikatan lafiya, ya kama aiki. Wanda yake da wani digirin daban yana da hanyar digiri na biyu ta shekara biyu. Ban taɓa jin an ce masanan Ingila sun gaza na Amurka iya aiki ba.

Ra'ayina shi ne Arewa ta bi sawun Ingila. Yarinyar da iyayenta suka yi ta fama har ta gama digirin farko a Kano ko Sakkwato, in ka ce sai ta ƙara shekara uku kafin ta fara ɗaukar albashi, ka rufe mata ƙofa ke nan. Kuma ba daga kan yashi za mu fara ba. Hukumar MRTB, wadda aka kafa a 1988, dama ita ke yi wa masu gashin ƙashi da masu gyaran magana rajista a Najeriya. Jami'ar Ibadan ta daɗe tana koyar da fannin a sashenta na ilimin masu buƙata ta musamman. Jami'ar Bayero tana yaye masu gashin ƙashi, ga Asibitin Malam Aminu Kano kusa da ita, ga na ABU a Shika, ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Marasa lafiyar da ɗalibi zai koyi aiki a kansu suna nan cike da ɗakunan jinya. Asibitin cutar noma na Sakkwato kaɗai, inda ake gyara fuskokin yaran da cutar ta cinye wa leɓe da kumatu, ya isa makaranta, don yaron da aka ɗinke wa baki sai ya sake koyon ci da magana.

Abin da nake so mu ɗauka daga Amurka guda ne, wato taurin kansu a kan awannin nan na aiki a gaban mai kula. Na ga yadda ake yi: ɗaliba na zaune da wani tsoho, ta ba shi ruwa a cokali, ta ɗora yatsunta a maƙogwaronsa tana jin motsinsa, ta ce ya yi magana don ta ji ko muryar ta jiƙe, malamarta na tsaye a gefe tana rubutu. Kuskure a nan yana iya tura abinci huhu. Wannan ba ya koyuwa a allo, kuma a nan matsalarmu take, domin masu kulan ne ba mu da su da yawa. Jami'ar Ghana ta buɗe nata kwas ɗin a 2016 tana da irin wannan ƙarancin, ta nemi taimakon ƙwararru daga waje.

Akwai kuma abin da ba Amurka ba Ingila da za su iya ba mu. Gwaje-gwajen da ake horar da ɗalibai a kansu a nan an gina su ne a kan Turanci da yaran da suka tashi da shi. Babu ƙ a cikinsu, babu ɗ, babu ɓ, babu ts, balle karin sauti da tsawon wasali. Yaron da ke cewa kafa yana nufin ƙafa, a wane shekaru ya kamata iyaye su fara damuwa? Sai an bi ɗaruruwan yara a unguwanni da ƙauyuka an saurare su kafin a iya ba uwa amsa. Dattijon da ya rasa kalmomi ba za ka farfaɗo da shi da katin hoton ƙanƙarar hunturu ba. Buta za ka nuna masa, da tabarma, da goro, ka ja masa farkon karin magana ka ga ko zai ƙarasa. Masana Hausa na Bayero da na Zariya sun yi shekaru suna nazarin sautukan harshen nan. Ranar da za a tsara manhajar, ina so a ga kujerarsu kusa da ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro, kuma aikin kammalawa na rukunin farko ya zama tattara waɗannan bayanai daga bakin yaranmu.