Kada ka kira kiɗan wani hayaniya

'Yan'uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu a majalisunmu, a teburin mai shayi da rumfar cajin waya, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu gaya wa juna gaskiya a kanta. Da zarar wani ya kunna abin da kunnensa ke so, sai ka ji na kusa da shi ya yatsine fuska ya ce, "Wannan ma waƙa ce?" Mai jin na fiyano yana kiran mai jin kalangu baƙauye. Mai jin kalangu yana kiran na fiyano ɗan iska. Mai jin bege yana kallon su duka a matsayin ɓatattu. Daga wasa sai magana ta koma gori, wani lokaci har a daina gaisawa.

Kana da cikakken iko ka ce ba ka son abu. Kunnenka ne. Amma ka yanke hukunci cewa abin da ke motsa zuciyar ɗan'uwanka ba kiɗa ba ne, wannan kam ya wuce gona da iri, kuma galibi rashin sani ne ke kawo shi.

Ka tsaya ka saurari ƙauyenmu da kyau. Mata uku a kan turmi ɗaya suna lugude: wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga, ta ukun ta cilla tata sama, ta tafa hannu, ta cafe ba tare da ta ɓata bugun ba. Babu ganga a wurin, babu makaɗi, amma duk wanda ya wuce ta bayan danga sai ya ji ƙafarsa na son bin sautin. Me za ka kira wannan? Haka waƙar da iyayenmu ke yi a bakin dutsen niƙa, da gaɗar 'yan mata a dandali daren farin wata, da shantun ɗakin amarya, da sarewar Bafulatani a bayan shanunsa, da tashen yara idan azumi ya kai goma. Ba wanda ya shiga situdiyo a cikinsu. Idan ma'auninka shi ne sai abu ya fito daga na'ura, to ka kore rabin abin da ka tashi a cikinsa.

Kakanninmu ba su taɓa ɗaukar kiɗa abu guda ba. Kowane rukuni da nasa. Mahauta suna da kalangu, manoma suna da gangar noma ranar gayya, mafarauta suna da garaya, sarakuna suna da tambari da kakaki da algaita, waɗanda har yau za ka ji su ranar hawan salla a Haɗejia, Gumel, Kazaure, Ringim da Dutse. Manomin da aka kaɗa wa takensa a bakin kunya sai ka ga tsikar jikinsa ta tashi, ya kama fartanya kamar ba shi ne ya gaji ɗazu ba. A kaɗa wa mahauci wannan taken, ba abin da zai ji, shi nasa daban ne. Kuma ba mu taɓa jin mahauci ya ce gangar noma ba kiɗa ba ce. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Ku masu raina na gargajiya, da ku zan fi daɗewa, domin ku ne kuka fi yawa a cikinmu. Ka taɓa zama kusa da makaɗin kalangu ka kalli hannunsa? Yana rataye da shi a hammata, yana matse tsarkiyar yana saki, fatar tana ɗamewa tana sassautawa, sautin yana hawa yana sauka daidai da yadda harshenmu ke hawa da sauka. Shi ya sa kalangu ke iya kiran sunan mutum da kirarinsa ba a buɗe baki ba. Shekaru ake yi ana koyon wannan, galibi tun daga ƙuruciya a gaban uba. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangu ya yi duk rayuwarsa ta waƙa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya zaga duniya. Barmani Choge da ƙwarya ta tara matan Arewa kaf. Wanda ya kira irin wannan ƙauyanci, ya sani da kakarsa yake, domin ita ce ke share hawaye idan ta ji su a rediyo.

Ku kuma da kuke ganin duk abin da aka yi da fiyano da kwamfuta shirme ne, ku sassauta. Yaron da ya zauna ya tsara baiti, ya daidaita amsa-amo, ya ɗora murya a kan kari, ya yi aiki, ko da kayan aikinsa ba irin na da ba ne. Shi kansa Shata ba da yardar mahaifinsa ya fara waƙa ba. Abin da ake kira na gargajiya yau, wata rana sabo ne, kuma an samu dattijon da ya toshe masa kunne.

Akwai kuma ɗan'uwanmu da ya ce shi ba ya jin kiɗa sam, saboda abin da ya karanta a gaban malaminsa. Malamai sun daɗe suna tattauna hukuncin kayan kiɗa, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta da sharuɗɗa. A Kano ɗin nan akwai masu zikiri da bandiri, akwai masu rera Ishiriniya da murya zalla, akwai waɗanda ba sa ko ɗaya. Ni ba malami ba ne, ba kuma a teburin shayi za a warware wannan ba. Abin da nake roƙo shi ne kada a yi wa mai tsantseni ba'a, kada a kunna masa da gangan don a ga yadda zai yi. Shi ma ya yi nasiharsa da taushin harshe, ya bar jifan mutane da kalmomin da ba shi da hurumin furtawa.

Kada wani ya fahimce ni a kan cewa komai ya halatta tunda ɗanɗano ne. A'a. Waƙar da ke cike da batsa, ko zagin iyayen wani, ko zuga samari su ɗauki makami lokacin siyasa, abar ƙi ce, da kalangu aka yi ta ko da fiyano. A nan ne ya kamata mu yi tsauri, a kan abin da baitin ke faɗa. Abin takaici, sai mu bar wannan mu tsaya faɗa a kan kayan kiɗa. Mutum zai soki waƙar soyayya mai tsafta don kawai da na'ura aka yi ta, alhali a memorinsa akwai tsohuwar waƙar zambo da ba zai iya kunnawa a gaban surukinsa ba.

Sannan girmamawa ba ta tsaya a baki ba, tana kan maɓallin ƙara sauti. Son da kake wa waƙarka bai ba ka damar ɗora ta a kan unguwa duka ba. Wanda ya yini a gona yana bukatar barci. Akwai mai jego a gidan da ke jikin naku, akwai tsoho mara lafiya, akwai almajirai da ke karatun dare. Lasifikar biki da ake bari tana ruri har ƙarfe biyun dare zalunci ce, ko da wace irin waƙa ce a ciki, har da ta bege. Idan kun hau mota ɗaya zuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis, ka tambayi abokan tafiya kafin ka saki wayarka, ko ka sa abin kunne. Idan aka kira salla, ka kashe tun kafin wani babba ya ce maka ka kashe.